Yadda Ake Zaɓa da Sauya Bawul Lokacin Sa wa Babur Sabuwar Taya

Duk mai babur ya san lokacin da taya ta ƙare. Zanen jikinta ya shafe, ta fara santsi in an taka birki, sai a nemo sabuwa. Abin da ba kasafai ake tunawa da shi ba shi ne ɗan bawul ɗin nan da ake ɗura iska ta bakinsa. Sai ka ga an cire tsohuwar taya an sa sabuwa fil, amma bawul ɗin da ya sha rana da ruwa da zafin birki tare da tsohuwar yana nan daram a jikin rim, ana sa ran ya raka sabuwar ma har ƙarshenta. Ni a wurina wannan rabin aiki ne. A taya marar tiyub, wadda ake ce wa tiyubles, bawul ne kaɗai ya toshe ramin da ke jikin rim. Idan ƙusa ta huda irin wannan taya, galibi a hankali iska take fita, har ka samu ka gangara gefen hanya. Bawul kuwa in ya tsage daga gindi, cikin daƙiƙoƙi kaɗan iskar take ƙarewa, kuma mai ƙafa biyu ba shi da sauran tayoyin da za su riƙe shi kamar mai mota.

Bawul ɗin roba ba ya nuna tsufansa daga nesa. Rana da zafi da ozon, wani sinadari da ke cikin iska, suna busar da robar sannu a hankali, tsagewar kuma daga gindi take farawa, daidai inda ya haɗu da rim, wurin da ƙura ta saba rufewa. Ka goge wurin, ka sa yatsa ka tura bawul ɗin gefe a hankali, ka duba. In ka ga ƙananan tsage-tsage, ya gama aiki. In ma ba ka gani ba, shekarunsa sun kai na tayar da ka cire, wataƙila ma ya girme ta. Shi ya sa kamfanonin taya suke cewa duk lokacin da aka sauya taya a sauya bawul ɗin roba tare da ita. Ga kuma dalili na sauƙin aiki: daga cikin rim ake sa shi, don haka lokacin da taya take a cire ne kawai sauya shi ba ya cin fiye da 'yan mintuna. In ka bari sai ya fara yoyo, sai an sake kwance ƙafar, an sake ɓamɓare tayar, an maimaita wahalar gaba ɗaya.

Wace irin ƙafa ce a babur ɗinka?

Wannan za ka fara tantancewa. In tayarka mai tiyub ce, bawul a jikin tiyub yake, ba a sauya shi shi kaɗai, kuma zan zo kan wannan a gaba. Rim mai wayoyi, wanda kawunan wayoyinsa suka huda tsakiyarsa, kusan kullum da tiyub yake aiki, domin iska za ta bi ta ramukan wayoyin ta fice. Rim na zubi, mai kaurin hannuwa, shi ne yawanci na tiyubles. Akwai manyan baburan tafiya mai nisa da aka ɗaure wayoyinsu a gefen rim don a iya sa musu tiyubles, saboda haka kada ka yanke hukunci da ganin waya kawai. Haka kuma rubutun TUBELESS a gefen taya ba shaida ba ne cewa babu tiyub a ciki, don ana sa tiyub cikin irin wannan taya idan rim ɗin mai wayoyi ne. Littafin babur ɗin shi ne mai raba gardama.

Ka auna ramin kafin ka sayi komai

A nan mutane da yawa suke yin kuskure. Ramin bawul a rim ɗin babur girma biyu ne suka fi yawa: milimita 11.3 da milimita 8.3. Na 11.3 shi ne daidai da na yawancin ƙananan motoci, kuma shi aka fi samu a rim na zubi na baburan Jafan irin su Honda, Yamaha, Suzuki da Kawasaki. Na 8.3 ya fi yawa a baburan Turai irin su Ducati, Aprilia da KTM, da rim ɗin tsere da ake saye daban. Amma wannan jagora ne kawai, ba doka ba. Kamfani ɗaya yakan yi amfani da duka biyun, kuma babur ɗin da aka saya na hannu ba ka san ko an taɓa sauya masa rim ba.

Idan kana da ma'aunin kauri irin na makanikai, ka auna ramin bayan ka cire tsohon bawul. In babu, ka samu bakin dirila ko bolti mai kaurin milimita 10 ka gwada. In ya wuce ta ramin, na 11.3 ne. In ya ƙi shiga, na 8.3 ne. Matsalar ita ce wannan gwajin sai an riga an cire taya, don haka wanda bai tabbata ba gara ya tanadi duka biyun kafin ranar aikin, da ya tsaya da ƙafa a kwance yana neman bawul.

Bawul ɗin 11.3 ba zai shiga ramin 8.3 ba, in ka tilasta masa robar za ta yage. Na 8.3 kuma zai yi lilo a ramin 11.3, sai dai in an sayar da shi da robar da aka yi musamman don cike wannan giɓin. Kada kuma ka yarda a ce za a ƙara faɗin ramin da dirila. Rim abu ne da ranka yake kansa, ba wurin gwaji ba ne.

Na roba ko na ƙarfe, miƙaƙƙe ko lanƙwasasshe

Bawul ɗin roba, wanda ake ja ya shige ramin ya kama kansa da kansa, yana da lambobi da ake bugawa a gindinsa. TR412 shi ne gajere, abin da ke fitowa saman rim kusan milimita 22 ne. TR413 ya kai kusan 32, TR414 kuma kusan 38. Dukansu na ramin 11.3 ne, kuma an yi su ne don iskar da ba ta wuce psi 65 ba (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya), wanda ya fi abin da babur ke buƙata nesa ba kusa ba. Tunda duk suna shiga rami ɗaya, mai faci yakan ɗauko wanda ke kusa da hannunsa, yawanci dogon na mota, ya sa. Ga babur, gajeren ya fi.

Dalilin yana cikin juyawar ƙafar. Duk abin da ke jikin rim, idan ƙafa na juyawa, ana wurga shi waje ne kamar dutse a cikin majajjawa. Ka ɗauki tayar gaba mai lamba 120/70-17. A gudun kilomita 100 cikin awa tana juyawa kusan sau 15 a kowace daƙiƙa, kuma abin da ke daidai inda kan bawul yake nauyinsa yakan ninka fiye da sau 150. Ke nan murfin ado mai giram 10 yana danna bawul da nauyin da ya haura kilo ɗaya da rabi. In gudun ya ninka biyu, wannan nauyin sau huɗu yake ninkawa. Gajeren bawul da ya miƙe sak yana fuskantar tsakiyar ƙafa yana ɗaukar wannan ba tare da damuwa ba. Dogo kuwa, musamman in ramin nasa ya ɗan karkace, lanƙwashewa yake yi in an yi gudu, ya miƙe in an tsaya, kullum haka, har gindin ya gaji.

Wannan lissafin ne ya sa nake taka-tsantsan da lanƙwasasshen bawul mai gindin roba, irin PVR70 da ake sa wa ƙananan babura masu ƙaramar ƙafa. A can yana da dalili, domin babu filin da bakin famfo zai shiga, kuma gudun ba shi da yawa. Amma a babban babur mai gudu, wuyan ƙarfen da ya lanƙwasa gefe yana murɗa gindin robar duk lokacin da ƙafa ke juyawa, haka kuma duk lokacin da ka danna masa bakin famfo. Babban babur ɗin nan Honda Gold Wing, wanda ya zo da irin wannan bawul daga kamfani, an sa masa ɗan matokari na filastik da ke riƙe wuyan. In babur ɗinka yana da irin wannan matokari, kada a jefar da shi wajen sauya taya. In babu shi kuma kana son lanƙwasasshe, ka nemi na ƙarfe zalla mai noti.

Bawul ɗin ƙarfe mai noti ba ya lanƙwashewa, kuma shi aka fi sa wa ramin 8.3. Akwai miƙaƙƙe, akwai wanda ya karya kwana sosai ko kusa da haka. Amfanin mai kwanar a fili yake ga duk wanda ya taɓa ƙoƙarin cusa bakin famfo tsakanin manyan faifan birki biyu: idan auna iska ya yi sauƙi, za ka riƙa aunawa, in ya yi wuya za ka riƙa ɗagawa zuwa gobe. Sai dai yana da sharuɗɗa. Yana buƙatar wuri shimfiɗaɗɗe a kewayen ramin inda robarsa za ta zauna, kuma ba kowane rim ne ke da shi ba. In kewayen ramin ya yi kwari ko tudu, ko hannun rim ya matso kusa, ba zai toshe da kyau ba komai ɗaurin da ka yi masa. Sannan na ƙarfe ma ba na har abada ba ne. Robar da ke toshe iskar a gindinsa tana tsufa kamar kowace roba, don haka in an sauya taya a sauya ta, in ba a samu ita kaɗai ba a sauya bawul ɗin duka.

In ka tambaye ni, ga babur na zirga-zirgar yau da kullum mai ramin 11.3, gajeren na roba daga kamfanin da aka sani, ana sauya shi da kowace taya, ya wadatar. In bakin famfo na ba ka wahala, ko za ka ɗaura na'urar auna iska a kan bawul, to ka koma na ƙarfe. Ko wanne ka zaɓa, ka kula da inda ya fito. A 2008 an janye miliyoyin bawul ɗin roba na mota daga kasuwa a Amurka saboda robarsu tana tsagewa tun kafin lokacinta. Araha ba ta ado. Ka duba lamba da tambarin kamfani a gindinsa, ka lanƙwasa shi da hannu ka ga robar tana da laushi ba ta nuna tsaga ba, domin wanda ya daɗe a ajiye cikin rana ya tsufa tun bai hau rim ba. Robar da ake kira EPDM ta fi jure rana da ozon.

Ƙwaya da murfi

A cikin bawul akwai 'yar ƙwaya mai allura da sifirin, ita ce take buɗewa in an danna ta rufe in an saki. Irin wannan tsari ana kiransa Schrader, da sunan mutumin da kamfaninsa ya yi rajistarsa a Amurka a 1893, kuma har yau zaren ƙwayar iri ɗaya ne a mota da babur. Akwai doguwa mai sifirin a waje, akwai gajeriya mai sifirin a ciki. Ka zaɓi gajeriyar. A miƙaƙƙen bawul, wurgin da juyawa ke yi yana jan allurar ne daidai ta ɓangaren da take buɗewa, don haka a gudu mai tsanani ƙwaya mai nauyi ko mai raunin sifirin tana iya ɗan buɗewa ta saki iska.

In jikin bawul ɗin alminiyam ne, ƙwayar ta zama mai rufin nikel, wato mai farin launi, ba jar tagulla tsirara ba. Tagulla da alminiyam in suka haɗu da danshi sukan ci juna su manne, ranar da za ka kwance sai zaren ya lalace. Haka ma murfin tagulla ko na ƙarfe a kan bawul ɗin alminiyam.

Murfi ba ado ba ne. Yana hana ƙasa da ruwa shiga su hana ƙwaya rufewa, kuma in yana da 'yar roba a cikinsa shi ne toshi na biyu idan ƙwayar ta yi yoyo. Ka leƙa cikinsa ka tabbata robar tana nan. Ka zaɓi marar nauyi, ka bar masu siffar harsashi da masu fitila.

Kayan aiki

Abin kwance ƙwaya, abin jan bawul mai zare a baki, wuƙa mai kaifi, ƙarafan cire taya da abin kare gefen rim, man sa taya ko ruwan sabulu, tsumma, katakai biyu, gejin iska da ka yarda da shi, da famfo ko injin iska. In na ƙarfe za ka sa, ka ƙara da sifana daidai notinsa, zai fi kyau in mai auna ƙarfin ɗauri ce.

Cire tsohon

Bayan ka kwance ƙafar, ka kwantar da ita kan katakai biyu yadda faifan birki ba zai taɓa ƙasa ba. Faifan nan ba ya son a ɗora masa nauyi, in ya ɗan lanƙwashe za ka ji birki yana rawa a hannunka. Kafin ka ci gaba, ka yi alama da alli a rim ta nuna ɓangaren da ƙafar ke juyawa, don kada ka rikice wajen sa sabuwar taya.

Ka cire murfi, ka kwance ƙwayar ka riƙe ta da kyau don iska takan harba ta. Ka bari iskar ta fita duka, sannan ka ɓamɓare leɓen tayar, wato bakinta da ke manne da rim, daga rim ta ɓangarorin biyu ka cire ta. Yanzu gindin bawul ya bayyana daga ciki. In na roba ne, ka sa wuƙa ka yanke kumburin da ke ciki, sai sauran ya zare ta waje cikin sauƙi. Ka kula bakin wuƙar kada ya karci gefen ramin, domin karce ɗaya mai zurfi a nan hanyar iska ce da sabon bawul ba lallai ya toshe ta ba. Bawul ɗin roba da aka cire ba a mayar da shi, ko da ya fito lafiya. In na ƙarfe ne, ka kwance notin ka zare shi, ka lura da yadda aka jera robobi da washa kafin ka watsa su.

Gyara ramin

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma daga nan yawancin yoyon da ke biyo bayan sabon bawul yake fitowa. Ka goge ramin ciki da waje. A rim ɗin alminiyam za ka iya tarar da farin gari ko fenti da ya kumbura a kewaye, a na ƙarfe kuma tsatsa. Ka sa takardar goga mai laushi ka share har wurin ya yi sumul, ba tare da ka ci ƙarfen ba. Ka zagaya da yatsa ka ji ko akwai kaifi da zai yanki roba. Ka duba da haske ko akwai tsaga da ta taso daga ramin. In akwai, aikin bawul ya tsaya, rim ɗin ne abin sauyawa. Tunda taya a cire take, ka goge inda leɓen taya ke zama shi ma.

Sa bawul ɗin roba

Ka shafa wa gindinsa man sa taya ko ruwan sabulu. Ban da giris, ban da man inji, ban da fetur ko man birki. Waɗannan suna iya lalata roba, kuma in ban da fetur ba sa bushewa, sai bawul ya zauna yana santsi a raminsa. Ka shigar da shi daga cikin rim, kansa ya leƙo waje. Ka ɗaura abin ja a zarensa har ya kama sosai, ba zagaye biyu kawai ba, don kada zaren ya ɓare. Ka sa ɗan katako ko tsumma mai kauri a kan rim ya zama matashi, ka ja a miƙe, da ƙarfi ɗaya marar fizga. Za ka ji ya shige. Daga nan ka tsaya. Wanda ya ci gaba da ja bayan ya zauna yana iya yaga robar ta ciki inda ba a gani, ko ya zaro shi gaba ɗaya.

Ka duba ɓangarorin biyu. Daga ciki kumburin ya kwanta a jikin rim ko'ina, babu gefen da ya ɗaga. Daga waje ɗan zoben da ke saman wuyansa ya fito gaba ɗaya. In babu abin ja, wasu sukan ɗaura tsohon murfin ƙarfe su kama shi da filaya su ja. Yana yi, amma kada ka taɓa kama zaren ko robar da filaya kai tsaye.

Sa bawul ɗin ƙarfe

Iri biyu ne. Wani daga ciki ake shigar da shi, notinsa a waje. Wani kuma, musamman lanƙwasasshen alminiyam, daga waje ake sa shi, notin a cikin rim, inda ba za ka sake kai masa hannu ba sai an cire taya. Ka bi jerin da aka nuna a takardarsa, ka tabbata robar ta zauna cikin ramin daidai ba ta naɗe ba.

In mai kwana ne, ka tsayar da inda zai fuskanta kafin ka ɗaure. Babur in an kafe shi da ƙarfen gefe hagu yake kwanciya, don haka bawul ɗin da ya kalli dama shi ne zai fi sauƙin kaiwa, kuma a yawancin babura wannan ya nisanta shi da sarƙa. Ka riƙe jikinsa kada ya juya yayin da kake ɗaure notin, domin in ya juya yana murje robar. Ƙarfin ɗaurin ɗan kaɗan ne, yawanci bai wuce Nm 10 ba (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti), wasu ma ƙasa da rabin haka, kuma adadin da kamfanin ya rubuta shi za ka bi. Ɗaurin ganganci yana matse robar har ta fashe, ko ya tsinke zaren alminiyam. In noti biyu ne, na farko shi ke matse roba, na biyu kuma kulle na farkon yake yi.

Mayar da taya da ɗura iska

Ka duba kibiyar da ke gefen sabuwar taya ta dace da alamar da ka yi a rim. Tayoyi da yawa suna da ɗigon fenti, rawaya ko ja, da ke nuna inda tayar ta fi rashin nauyi, kuma al'ada ita ce a daidaita shi da bawul. Wasu kamfanonin ba sa sa ɗigon sam. Ka shafa wa leɓen taya man sawa, ka kula kada ƙarfen cire taya ko leɓen ya daki gindin bawul.

Ka fara ɗura iska ba tare da ƙwaya ba, don iskar ta shiga da yawa lokaci guda ta tura leɓen ya hau mazauninsa. Ka janye yatsunka daga tsakanin taya da rim. Za ka ji ƙara sau biyu, ɗaya ga kowane ɓangare. Kada ka wuce psi 40, wato kusan 2.8 a gejin da ke aunawa da bar, wajen wannan. In ya kai nan leɓen bai hau ba, ka saki iskar, ka ƙara man sawa, ka sake. Dabarar nan ta zuba fetur a kunna wuta kuwa, ka nisance ta ko da wa ya ba ka shawarar. Bayan ya hau, ka duba siririn layin da ke zagaye da gefen taya, tazararsa da rim ta zama ɗaya ko'ina.

Yanzu ka ɗaura ƙwayar. Da yatsu biyu ake ɗaure ta, ƙarfinta bai kai rabin Nm ba sosai, da zarar ta tsaya ka ɗan ƙara kaɗan ka bari. Ka cika iska zuwa adadin da aka rubuta a littafin babur ko a takardar da ke manne kusa da sarƙa, ba adadin da ke gefen taya ba, domin wancan iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ne.

Gwajin yoyo da daidaita nauyi

Ka ɗiga ruwan sabulu a bakin bawul, sannan a kewayen gindinsa. Ka tura shi gefe a hankali, dama da hagu, kana kallo. Kumfa mai girma a baki na nufin ƙwaya ba ta zauna ba ko datti ya shiga. Kumfa a gindi na nufin a koma baya: ko ramin bai gyaru ba, ko girman bai dace ba, ko robar ta yage wajen sawa. Kada ka ce zai toshe da kansa. Ka jira minti ɗaya ko biyu, don ƙaramin yoyo ba ya nuna kansa nan take.

Sai daidaita nauyin ƙafa, kuma a yi shi da bawul da murfinsa a ɗaure, bayan an cire tsofaffin dalma da aka maƙala a rim don daidaita nauyi. Bawul ɗin ƙarfe nauyinsa ya bambanta da na roba, saboda haka tsohon daidaito ba ya aiki. Bayan ka mayar da ƙafar jikin babur, ka juya ta da hannu a hankali ka tabbata bawul, musamman mai kwana, bai kusanci gidan birki ko wani ƙarfe ba. Ka matsa birki sau da yawa har ya yi tauri kafin ka motsa.

In tayarka mai tiyub ce

Sabuwar taya, sabon tiyub. Tsohon ya riga ya miƙe, in an mayar da shi yakan naɗe a ciki, wurin naɗin kuma nan yake tsagewa. Ka sayi wanda girmansa ya dace da tayar kuma bawul ɗinsa ya dace da ramin: TR4 da TR6 miƙaƙƙun ƙarfe ne masu zare, TR87 lanƙwasasshe ne na ƙananan ƙafafu. Ka duba robar da ke rufe kawunan wayoyi a cikin rim, in ta tsage a sauya ta. Ka ɗan hura wa tiyub iska ya yi siffa kafin ka sa shi, ka fara shigar da bawul a ramin, ka ɗaura notin zagaye kaɗan don kada ya koma ciki.

Bayan an cika iska, bawul ya tsaya a miƙe. Kada ka ɗaure notin waje da ƙarfi a jikin rim. Taya takan ɗan zame a kan rim, musamman in iska ta yi ƙasa, tana jan tiyub tare da ita. In bawul yana da 'yancin karkacewa, za ka gan shi ya kwanta ka gyara. In an ɗaure shi tam, babu gargaɗi, sai dai ya tsinke daga jikin tiyub. Shi ya sa masu hawa hanyar daji suke mayar da notin sama su haɗa shi da murfi.

In akwai na'urar auna iska

Wasu sababbin babura suna da na'ura a cikin rim, manne da gindin bawul, da ke aika yawan iska zuwa allon gaba. Irin wannan ba a yanke shi da wuƙa. Ka faɗa wa mai aikin tun kafin ya fara, a ɓamɓare leɓen taya nesa da bawul, kada ƙarfe ya kai wurin. Abin da ake sauyawa shi ne robar toshi da noti da ƙwaya da murfi, da irin waɗanda aka yi don wannan na'urar, a ɗaure da adadin da littafi ya faɗa. Ruwan toshe huji da ake ɗurawa ta bawul yana iya toshe ƙwaya ya kuma lalata na'urar. Wadda ake ɗaurawa a waje a madadin murfi kuwa, a kan bawul ɗin ƙarfe ya kamata ta zauna, saboda lissafin nauyin nan na sama.

Ka rubuta adadin iskar da ka sa. Washegari, kafin ka hau, tayar na sanyi, ka sake aunawa da geji ɗaya. In ya ragu da fiye da psi ɗaya ko biyu, ka koma da ruwan sabulu kan bawul da kewayen leɓen taya. Sabuwar taya tana da santsi a farko, don haka ka bi a hankali a kwana da birki na kusan kilomita 150, kuma a makon farko ka riƙa auna iskar kowace safiya.